Wainar Ƙwai a Gidanmu na Mabera

Sau huɗu na ɓata ƙwai a mako guda.
Na farko ya fito kamar tafin silifa,
na biyu ƙasa ƙanzo, sama ruwa tsamo-tsamo,
sauran biyun kada ma a tambaye ni,
kyanwar maƙwabta ta sansana ta yi gaba.

Abin da nake nema sau ɗaya na taɓa cinsa,
ranar da makarantarmu ta tura ni bita wani otal.
Aka ajiye min waina a farin faranti,
ta kumbura kamar matashin jariri,
na sa cokali ya nutse ba ko ƙara.
Ba irin ta mai shayin bakin titinmu ba
da ke iyo cikin man gyaɗa har ta yi duhu.

Baba Arzika kullum yana bakin madafa a kan tabarma.
Shekara ashirin da bakwai ya yi yana kuku
kafin yanar ido ta rufe masa gari.
Bai taɓa tanka min ba. Ashe saurare yake.
Ran Asabar ya buga sanda a ƙasa:
"Kulu, ke da ƙwan ga hwaɗa kuka yi?
Ƙwai ba shi son hushi, ɗiyata.
Rage wutag ga."

Na rage. Ya ce in ƙara ragewa.
Sai da harshenta ya koma kamar farcen yaro.

Ƙwai uku, kada su zama masu sanyi.
Na yi dariya, firij ɗinmu tun Laraba
da aka ɗauke wuta ya zama kabad.
Gishiri, abin da yatsu biyu suka tsinta.
Madara cokali ɗaya, ba biyu ba.
Albasar Goronyo a yanka ta ƙanana,
a soya daban, ta jira a gefe.

Na fara kaɗawa, kwano yana kas-kas-kas.
"Ba ƙarhe kika duka ba," in ji shi,
"iska za ki sa mishi. Ɗaga hannu."
Na karkata kwanon, ina ɗebowa ina juyawa,
zufa na bin bayana, ko takwas ba ta yi ba,
har ƙarar ta canja, ta koma laf-laf-laf.
Ya ɗaga yatsa. "Awo. Kin jiya?"
Na duba, kumfa ta taso har baki.

Man shanun da na saya hannun Inno mai nono
ya narke a kasko yana ɗan tsaki.
Da ya yi shiru, Baba ya ce, "Zuba."
Na zuba.
Ina jan gefe zuwa tsakiya a hankali
kamar mai gyara wa barci zane,
ruwan yana gangarawa ya cike gurbi.
Na yafa albasa, na kifa murfi,
ya sa ni ƙirga talatin a bayyane kamar 'yar aji ɗaya,
ni da nake koyar da lissafi.

"Sauke."
Na ce ai samanta bai bushe ba.
"Zahinta shi ka ƙarasa ta. Sauke."

Na ninke ta biyu, ta zame cikin faranti
tana rawa kaɗan, ruwan ɗorawa, ba tabon ƙuna.
Na kai masa. Bai nemi cokali ba,
ya danna ta da ɗan yatsa, ta loɓa, ta dawo.
Ya gutsura, ya daɗe yana juyawa a baki.

"Gishiri ya yi kaɗan."

Ya cinye tas, har ya bi farantin da burodi.
Ina wanke kasko na ji yana faɗa,
ba da ni ba, kamar da bangon madafa,
wai dubu nawa ya soya wa baƙi masu kwat,
a tsaye yake ɗanɗanawa a bakin wuƙa,
wagga ita ta ta farko da aka kawo mishi zaune.

Na bar famfo yana zuba.
Can ya ce, "Akwai sauran ƙwai?"
Biyu suka rage, na ajiye wa yara.
Na fasa su.